Ƙarin Muƙamuƙi: Jawabi Ga Masu Fitar Da Zakka Da 'Yan Kwamitocin Masallatai

 

An nemi in yi bayani kan wani ƙari da ke fitowa a ƙashin muƙamuƙi, wanda mu likitocin baki muke kira amelobilastoma. A cikin ire-iren ƙarin da ke tasowa daga tsiron haƙori, shi muka fi gani a asibitocin Najeriya.

Asalinsa abin mamaki ne. Tun ɗan tayi yana da kimanin mako 6 a mahaifa ake fara ƙirar haƙoransa. Bayan an gama ƙirar, ragowar ƙwayoyin halittar da suka gina farin ɓawon haƙori sukan saura kwance cikin ƙashi. Ga yawancin mutane haka za su zauna har ƙarshen rayuwa. Ga wasu kuwa, sai su farka bayan shekaru 20 ko 30, su shiga hayayyafa, su riƙa cin ƙashin daga ciki. Kimanin kashi 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, galibi can baya wajen turamen haƙori. Ba sammu ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba sankara ba ne, domin da wuya ƙwarai ya yaɗu zuwa wasu sassan jiki.

Haɗarinsa shi ne ba ya ciwo. Hangum kumburinsa yakan saɓe cikin mako biyu, ƙurjin haƙori kuma zoginsa ba ya barin mutum ya kwana. Wannan kuwa a hankali yake girma, shekara da shekaru, mai shi yana noma, yana cin kasuwa. Wani a yi masa sakiya, wani a cire masa haƙorin da ke girgiɗi a sallame shi. Kafin ya iso gare mu ƙashin ya yi sirantar ɓawon ƙwai, tauna ta gagara, magana ba ta fita sosai. Mace ta lulluɓe fuska ta daina shiga biki, magidanci ya koma sahun baya a masallaci.

Ganewa ba ta da wuya. A hoton ƙashi akan ga wurin tamkar kumfar sabulu, sannan a yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji a tabbatar. Magani kuwa tiyata ce. Idan kankare shi kawai aka yi, yawanci yakan dawo, saboda yana da saiwoyi a cikin ƙashin da ido ke gani lafiyayye. Don haka ake yanke shi tare da santimita 1 zuwa 1.5 na ƙashin da ke kewaye. In ƙarami ne, ɗan yanki za a cire, muƙamuƙi ya tsaya da kansa. In ya ƙasaita, rabin muƙamuƙi ke tafiya, sai a ɗaura ƙarfen titaniyam, a ɗebo ƙashi daga ƙugu ko haƙarƙari ko ƙwauri a cike gurbin. Ana yin irin wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Sakkwato da na Maiduguri. Cuta ɗaya ce, amma tsakanin kuɗin aikin farko da na biyu akwai tazara mai nisa, kuma jinkiri ne ya haifar da ita.

A ganina, biyan kuɗin tiyata kaɗai rabin taimako ne. Talakan da ya fito daga ƙauye yana buƙatar kuɗin mota, da na hoto, da na gwajin nama, da abincin mai jinya. Bayan aiki zai yi makonni yana shan kunu da romo, ba ya iya nema. Sannan dole ya riƙa dawowa ana duba shi, domin ƙarin yana iya sake tsirowa ko bayan shekara 10. Da yawa a nan suke ɓacewa, saboda kuɗin motar dawowa kawai.

Malamai na zaune, sun fi ni sanin hukunci, amma aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambaci faƙirai da miskinai da waɗanda bashi ya danne, kuma majinyatanmu ba sa wuce waɗannan ukun. Abin da zakka ba za ta saya ba, kamar na'urar ɗaukar hoton muƙamuƙi, waƙafi zai iya. Asibitin da Sarki Kalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da dukiyar waƙafi aka riƙe shi, ana jinyar mutane kyauta.

Roƙona ga gidauniya shi ne, duk majinyacin da za ta ɗauka, ta ɗauke shi daga hoton farko har zuwa dubawar shekara biyar, a rubuta wannan cikin kasafin baɗi. 'Yan kwamiti kuma, ku kuke ganin fuskokin jama'a sau biyar a yini. Wanda kuka ga kuncinsa ya ɗaga fiye da wata guda, ko da ya ce ba ya jin komai, a keɓe shi cikin mutunci, a haɗa shi da wanda zai raka shi wurin likitan haƙori a ɗauki hoto. Mata kuma a bi ta hannun malaman Islamiyyarsu.

Allah Ya karɓi zakkarku, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.