Idan Mai Gadi Ya Karɓi Umarnin Ɓarawo



Sanin kowa ne cewa a yau ba wanda yake gina manhaja shi kaɗai daga tushe har kai. Mukan aro tubalan da wasu suka riga suka ƙera, su kuwa tubalan nan suna jingine da wasu, har ta kai ɗalibin da ya rubuta layi ɗari yana ɗauke da aikin mutanen da bai taɓa jin sunansu ba. Duniya ta ɗanɗana kuɗar wannan aro a watan Disamba na 2021, yayin da aka gano ɓaraka a tubalin Log4j. Domin irin wannan ne ake amfani da manhajojin bincike, irin su Snyk da Dependabot, waɗanda aikinsu shi ne su duba kayan aro su faɗa mana wanne ne ya ruɓe. Watau masu gadi ke nan.

To, tambayarmu ita ce: yaya mai gadin yake duba kayan? Sau da yawa ba kallo kawai yake yi ba. Kafin ya san jerin abin da aka aro, tilas ya buɗe fayilolin aikin ya karanta, wani lokaci ma ya kira kayan ginin manhajar, kamar Gradle, su lissafa masa. Yakan ɗebo kalmomi daga fayil ya haɗa su da nasa, ya miƙa wa kwamfuta a matsayin umarni. A nan gizo yake saƙa. Kwamfuta ba ta bambanta maganar ubangida da maganar baƙo in sun zo cikin jimla ɗaya. Alal misali, idan mugu ya rubuta suna, ya bi shi da waƙafi mai ruwa, sannan ya ɗora nasa umarnin, sai ta ɗauka umarni biyu aka ba ta, ta aikata duka. Wannan shi ne cusa umarni.

Kada a ɗauka tatsuniya muke yi. A 2022 masu bincike na kamfanin Imperva sun nuna haka a manhajar Snyk: sun saka irin waɗannan alamomi cikin fayil mai suna vendor.json, na ayyukan harshen Go, sai mai gadi ya aiwatar da abin da aka rubuta masa. Kamfanin ya toshe ƙofar a fitowa ta 1.996.0, amma gyaran bai kammala ba, domin a shekarar nan aka sake gano wasu ƙofofin, har da ta fayil ɗin Gradle. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, a wancan lokacin, wanda ya maƙala manhajar a shirin rubutunsa na Visual Studio Code yana iya cutuwa da buɗe aikin baƙo kawai, tun da binciken yakan tashi da kansa.

Ba muna aibata kamfanin ba ne. Ya amsa, ya gyara, ya kuma sa manhajar tana tambaya ko an amince da aiki kafin ta taɓa shi. Amma mu ma da namu warin daddawar. Nawa ne cikinmu suke sauko da aikin wani daga GitHub daren jajibirin miƙa aikin aji, su danna amincewa ba tare da sun karanta ba?

Mai gadin nan kuwa da ikonmu yake aiki. Duk abin da muke iya taɓawa a kwamfutar, kalmomin sirri ne ko mabuɗan shiga rumbun aiki, wanda ya cusa masa umarni ma yana iya taɓawa. Saboda haka shawararmu ita ce, aikin da ba mu san asalinsa ba mu bincike shi a keɓaɓɓen wuri, cikin kwamfutar gwaji wadda ba mabuɗi ko ɗaya a cikinta, kuma mu riƙa sabunta manhajar binciken kanta kamar yadda muke sabunta tubalan da take dubawa.