Duwatsun Azbin da Namun Dajin da Suka Rage a Cikinsu



An nemi in yi magana a kan tafiyar ƙasa cikin duwatsun hamada da namun dajin da ke zaune a cikinsu. Irin waɗannan duwatsu suna da yawa, akwai Tibasti a Chadi, akwai Hoggar a Aljeriya, amma na zaɓi in tsaya ga na Azbin domin su ne namu na kusa. Daga Kano, in aka bi ta Damagaram da Tanut, tafiyar kamar kilomita 700 ce zuwa Agadas, duwatsun kuwa daga arewacin birnin suka tashi. Gobirawa sun ce can kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu, kuma shekara da shekaru ayarin Azbinawa ke sauko mana da gishirin Bilma da dabino, su koma da gero da tufafi. Mun san raƙuminsu, mun san dokinsu, amma ƙasar ita kanta kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa taka ta.

Azbin tamkar tsibiri take, sai dai maimakon ruwa rairayi ne ya kewaye ta. Ƙololuwarta tana bisa tudun Bagzan, mita 2,022, watau ƙafa 6,600 da ɗoriya. Saboda wannan tsawo giragizan damina sukan ɗan zubar da ruwa a kanta tsakanin Yuli da Satumba, alhali kuwa hamadar Tenere da ke gabas da ita sai ta shekara ba ta ga ɗigo ba. Ruwan yakan gangaro cikin ƙoramu ya nutse ƙarƙashin yashi, shi ya sa mai tafiya zai tarar da goruba da aduwa da bagaruwa, itatuwan da ya sani tun a gida, sun yi jere a tsakiyar hamada. A Timiya har lemo da rumman ake nomawa, da rijiyoyin da raƙumi ko sa ke jan gugarsu. Can bisa Bagzan da Gerebun kuma akwai tsofaffin itatuwan zaitun na jeji, irin na ƙasashen Bahar Rum, saura ne daga zamanin da Sahara ke da dausayi.

Shaidar wancan zamani tana nan a kan duwatsu. A Dabus, yamma da duwatsun, akwai zanen raƙumin dawa da aka sassaƙa a jikin fa, tsawonsa ya haura mita 5, kuma masana sun kimanta ya kai shekara 6,000 ko fiye. Wanda ya sassaƙa shi ya san dabbar ƙwarai, har zanen fatarta bai bari ba. Yau in kuna son ganin raƙumin dawa mai rai a Nijar, mafi yawansu suna Kure ne, kusa da Yamai, nesa ƙwarai da Dabus.

To, yaya ake tafiyar? Lokacinta shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, amma kada kalmar hamada ta ruɗi mutum ya bar bargonsa, gama da dare a kan Bagzan ruwa yakan daskare a cikin tulu. Raƙumi ke ɗaukar ruwa da guzuri a cikin kwari, in an zo hawa kuwa sai jaki ya karɓa. Akan tashi da asuba, a yini a inuwa, a sake ɗaura takalmi da la'asar. Dokoki biyu ne ja-gora ba ya sassautawa, kuma dukansu biyu Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya ga dalilinsu a 1850, a kan hanyarsa daga Tarabulus zuwa Kano. Ta farko, kada a rabu da ayari. Tun kafin ya iso Azbin, a kusa da Ghat, Barth ya hau dutsen Idinen shi kaɗai, mutanen wurin suna hana shi, suna cewa gidan aljannu ne. Ya ɓata, ruwansa ya ƙare, ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jininsa, sai da wani Buzu ya bi sawunsa ya same shi a kwance. Ta biyu, kada a kwana a cikin ƙorama ko da sama garau take. Da ya shigo Azbin da damina, a kan idonsa busasshen kwari ya zama kogi cikin yini guda, yana tumɓuke itatuwa yana tafiya da dabbobi.

Sai mu zo ga namun dajin, kuma a nan nake so a saurara da kyau. Sarkin waɗannan duwatsu shi ne ragon dutse. Launinsa ɗaya da na dutsen, yana da ƙaho mai lanƙwasa baya, da geza da ta sauko daga maƙogwaro har ƙafafun gaba. Yakan daɗe bai sha ruwa ba, danshin ganye ya ishe shi, kuma in ya ji motsi sai ya tsaya cik, har mutum ya wuce shi yana tsammanin fa ne. Sau da yawa abin da matafiyi zai gani shi ne kashinsa da sawunsa kawai, sai ja-gora ya faɗa masa ko na jiya ne ko na safiyar yau. Akwai rema cikin kogunan dutse, da dila, da yanyawa mai manyan kunnuwa. A kwazazzaban Tamgak kuma akwai ɗan garken gwaggon biri da hamada ta raba da 'yan'uwansu na kudu tun da daɗewa.

Ku lura, waɗannan duk mazauna tudu ne. Na fili fa? Barth ya ambaci zaki a Azbin, yanzu babu. Jimina mai jan wuya, wadda ake da fiye da dubu ɗaya a yankin wajen 1990, an kusa ƙarar da ita cikin 'yan shekaru, lokacin tawayen 1990 zuwa 1995, har ta kai sai kiwonta ake yi a killace a Kelle, ƙasar Gure, da fatan a mayar da ita jeji wata rana. Adas, farar dabbar rairayi mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda aka keɓe wa fili na musamman a Tenere, da aka yi ƙidayarta a yankin Tarmit a 2016 uku kacal aka gani. Mutane sukan ɗora laifin a kan fari, kuma lalle farin 1973 da na 1984 sun yi ɓarna. Amma waɗannan dabbobi sun sha fari tun kafin a haifi kakanninmu. Abin da ba su taɓa sani ba shi ne mota mai ratsa yashi da bindiga mai jigida. Maharbin da, da karensa da tarkonsa, sai ya kwana uku yana bin barewa guda. Na yau kuwa yakan kora garke da mota har numfashinsu ya ƙare. Ragon dutse ya fi su tsira ne domin inda yake taya ba ta zuwa, ko da yake shi ma ya ragu.

Doka ba ta rasa ba. A 1988 gwamnatin Nijar ta keɓe gandun Azbin da Tenere, fili mai faɗin murabba'in kilomita 77,000 da 'yan kai, a 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya, shekara guda bayan haka kuma aka mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari. Tawayen 2007 zuwa 2009 ya bar nakiyoyi a wasu hanyoyi, neman zinariya da ya ɓarke daga 2014 kuma ya cika jejin arewa da motoci. Saboda haka duk mai niyyar zuwa sai ya nemi izinin hukuma da ja-gora ɗan ƙasa.

Ga ma'aikatan gandun daji da ke cikin wannan zaure, ra'ayina shi ne ƙidayar da aka yi daga tagar mota ba ta cancanci a sa mata hannu ba. Dabbar da ta rage ta koyi gudun ƙarar inji, wanda ke son saninta sai ya sauka ya taka. Ku ɗalibai kuwa, akwai aikin da ke jiranku wanda Bature ba zai fi ku iyawa ba. Da Hausa ake ciniki a kasuwar Agadas, kuma dattawan da suka san sunan kowace rijiya, da inda ragon dutse ke haihuwa, da shekarar da aka ga jimina ta ƙarshe a kwarinsu, da yawansu suna jin harshenku. Littafin rubutu da fensir da takalmi mai ƙwari sun isa a fara. Ba kuwa dole sai an kai Azbin ba tukuna, ana iya koyon bin sawu da rubuta abin da aka gani a duwatsun Kwatarkwashi ko na Jos tun a wannan hutu.