Jawabi Kan Hotunan Gidajenmu da Masallatanmu na Kurmi



An nemi mu ɗan yi magana kan wannan ɗabi'a tamu ta yawo da kyamara, wadda wasunku ke mana tsiya a kanta, wai kowa na ɗaukar ango da amarya, mu kuwa bango muke ɗauka. To, gaskiya ne, bango muke ɗauka, kuma ga dalili.

A Arewa muka fara. Mun ɗauki hasumiyar Gobarau a Katsina, da Gidan Makama a Kano, da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Daga baya muka lura waɗannan duk suna cikin littattafai, Turawa sun ɗauke su tun tuni. Namu na nan kurmi kuwa, da ƙyar ka ga wanda ya kula da su.

Ai ba jiya muka zo ba. An gano kwal a ƙasar Inugu a 1909, layin dogo ya haɗa ta da Fatakwal a 1916, iyayenmu suka biyo da shanu da fatauci. Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko, a shekarun 1950, kuma zaɓensa aka yi. Yau wa zai tashi a nan ya nuna mana hoton masallacin unguwarsu na wancan zamani? A 1966 mutanenmu suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka, yaƙi bai ƙare ba sai 1970. A Fabrairun 2006 rikici ya faɗa wa Anacha, aka lalata masallatai da rumfuna. A 2021 aka rushe mayankar Trans-Amadi a Fatakwal, inda mahautanmu suka shekara da shekaru suna neman abinci. Ko ba rikici, gobara da faɗaɗa hanya sun isa su share unguwa.

Wani zai ce, me za a ɗauka a gidan bulo da kwano? Ruwan kurmi ba ya barin tubali, don haka ba soro, ba azara, ba zanko. Amma ku duba da kyau. Ko ɗaki biyu Bahaushe ya kama haya, sai ya ƙirƙiro zaure, ko da labulen buhu ne, don kada baƙo ya faɗa wa iyali kai tsaye. Ga dakalin hira, ga butoci jere a ƙofar masallaci, ga allunan yara a jingine. Wannan tsari muke bi da kyamara, kuma iri ɗaya muka same shi a Asata ta Inugu, da Titin Bida a Anacha, da Diobu a Fatakwal.

Mun sha wuya dai. Wata rana a bakin gadar Anacha, wadda aka kammala a 1965, wani mai kaki ya zare mana fim ɗin duka, aikin mako biyu ya tafi. Laifinmu ne, ba mu tambaya ba. Saboda haka samari, ku nemi izinin mai gida ko liman tukuna, kada ku ɗauki matan mutane, ku nisanci gada da bariki. Ku fita da hantsi ko bayan la'asar, rana tsaka tana kashe hoto.

Roƙonmu guda ne. Duk mai tsohon hoto a ƙasan akwati, ko na suna ne ko na saukar karatu, in dai gini ya fito a bayan mutane, ya kawo wa sakatare. Za a ɗauka da waya a mayar masa da abinsa nan take. Sai dai a zo da dattijon da zai faɗi sunan unguwa da shekara, mu rubuta a baya, don muna da hotuna a jaka waɗanda mu da muka ɗauka ma mun kasa tuna ko ina ne.

Allah ya ba mu zama lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.