Gida Biyu Maganin Gobara, Amma Sai da Takarda



Shugabannin ƙungiya, iyayenmu malamai, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa 'yan kasuwa na Zogona da baƙinmu na nesa, barkanmu da zagayowar wannan rana. Allah ya ƙara haɗa kanmu.

An ba ni in yi magana kan ƙwace wa mutum matsayin ɗan ƙasa saboda zargin ta'addanci. Maganar tamu ce, domin da wuya a sami gida a cikinmu da ba shi da uwa a Maraɗi, ko kaka a Kano, ko 'ya'ya a Kumasi.

Ba mu da abin da za mu yi wa ɗan ta'adda sai Allah wadai. Mun ga abin da ya faru nan Wagadugu a Janairun 2016, a Cappuccino da otal ɗin Splendid, inda aka kashe mutum 30. Mun san direbobin da suka fita da kaya ba su dawo ba. Hukuma tana da haƙƙin kare rayuka.

To amma ga inda aka kwana. A Nijar, dokar da Janar Tiani ya sa wa hannu a Agustan 2024 ta ba da damar a janye wa mutum ƙasarsa na wucin gadi tun kotu ba ta yanke hukunci ba. A Oktoba aka fara da mutum 9, cikinsu har da tsohon minista Rhissa Ag Boula. Nan Burkina ma, sabuwar dokar iyali ta Satumban 2025 ta tanadi ƙwace ƙasa daga wanda ya yi wa ƙasar zagon ƙasa.

Abin tsoron shi ne zargi ya zama hukunci. A 1980 gwamnatin Najeriya ta ɗauki Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, ta kai shi Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Kotun Maiduguri ce ta dawo masa da haƙƙinsa. Shi babba ne, yana da lauyoyi. Mai sayar da albasa fa, wa zai tsaya masa? Dattawanmu ba su manta da korar Gana ta 1969 ba, lokacin da rashin takarda ya raba fatake da dukiyar shekaru.

Roƙonmu ga mahukunta: mai laifi a kai shi gaban alƙali, a ji ta bakinsa, kuma kada a bar kowa ba ƙasa. Korar mugu zuwa maƙwabta ma, ai tura wuta ce gidan ɗan'uwa.

Mu kuma, kowa ya yi wa yaransa takardar haihuwa, ya sabunta katinsa da fasfonsa, sunan ya zo ɗaya a ko'ina. Kada ka ɗauki saƙon da ba ka buɗe ba, kada ka aika kuɗi da sunanka don wanda ba ka sani ba. Ina kuma ba da shawara ƙungiya ta nemi lauya tun kafin buƙata ta taso.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya sa albarka a nemanmu.