Ƙauye da Birni: Abin da Iyaka ta Raba da Abin da ya Rage a Hannunmu

 



An umurce ni da in yi bayani a kan abin da ke samun ƙauye idan hukuma ta raba shi da birnin da ya saba hulɗa da shi. Mu mutanen Kwaya ba sai mun je nesa neman misali ba, domin mu ne misalin. Waiwaye kuwa adon tafiya ne, balle a ranar da sarautarmu ke cika shekara ɗari.

Kafin zuwan Turawa, yawancin ƙasar Magarya tana cikin tsohuwar ƙasar Daura, Dungas da Waca kuma suna cikin ƙasashen Sosebaki. Bayan jihadi sarautar Daura ta rabu uku, wato Daura da Zango da Ɓaure, sannan ƙarfin Damagaram ya mamaye wannan yanki, musamman a zamanin Sarki Tanimu wanda ya rasu a 1884. An yi yaƙe-yaƙe, an biya haraji, amma hanyar fatauci ba ta mutu ba. Baƙauye na kai gero da dabbobi da fata, ya komo da tufafin rini na Kano, da goro, da kanwa da gishirin arewa. Kuɗi ɗaya ake kashewa, wato wuri. Almajiri kuma na tafiya karatu ba mai tambayarsa takarda.

Faransa ta ci Damagaram a 1899, Ingila ta ci Kano a 1903. A Turai aka zauna aka raba ƙasar a kan takarda, cikin yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Daga 1906 zuwa 1908 tawagar Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta bi daji tana kafa ƙarafunan da iyayenmu suka kira tangaraho. Da haka Daura da Zango da Ɓaure da Kazaure da Gumel da Kano suka koma wata ƙasa, mu kuwa aka juya fuskarmu arewa. A 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, alhali Kano tana nan kusa da mu. Wato birnin da muke ciniki da shi ba ya mulkinmu, birnin da ke mulkinmu kuma ba ya cinikinmu. A nan ne tushen matsalar yake.

Mu fara da tattalin arziki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, ƙasar Magarya ta zama ɗaya daga cikin rumbunan gyaɗar Nijar. Amma manomi na biyan haraji da kuɗin Faransi, yana sayen kaya da sulen Ingilishi, ga duwan a tsakani. Nauyin haraji da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946, ya sa gidaje da dama suka ƙaura kudu, wasunsu ba su komo ba har yau. Bayan samun mulkin kai aka kafa SONARA a 1962, ta riƙe sayen gyaɗa. A Yamai ake yanke farashi, a Kano kuma ana wani farashin, sai buhu ya riƙa bin dare zuwa inda ya fi tsada. Abin da kakanninmu ke kira fatauci, shi ne takarda ta koma kira fasa-ƙwauri. Farin 1973 da 1974 da cutar gyaɗa da ta biyo baya suka karya wannan noma, muka koma kan wake da riɗi da kiwo, waɗanda su ma kudu ce babbar kasuwarsu.

Duk wanda ya taɓa kora bisa zuwa Maigatari ko Mai'adua ya san cewa arzikinmu na rataye ne a kan ƙofar da ba mu ke riƙe da mabuɗinta ba. Najeriya ta rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, daidai lokacin da yunwa ke cinmu. Ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An kuma rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. A kowane karo, darajar rago da wake na faɗuwa a hannun manomi, kayan masarufi na hawa. Haka aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, haka kuma naira ke faɗuwa, ɗan ci-rani ya yi wata biyar yana wahala a Kano, ya zo canji ya ga guminsa ya tsiyaye. Ba a taɓa shawartar mai gona ba a duk waɗannan hukunce-hukunce.

Ta fuskar al'ada ma an ji jiki. Yaro ɗaya ya shiga lakwal ya koyi Faransanci, ɗan baffansa ya shiga firamare ya koyi Ingilishi. Kakansu ɗaya, amma takardar wannan ba ta cin aiki a wurin wancan. Mu ce duwan, su ce kwastan. Mu ce jandarma, su ce ɗan sanda. Ɗan bokonmu na kallon Yamai, almajirinmu da ɗan kasuwarmu na kallon Kano, har ya zama gida ɗaya yana da alƙibla biyu a harkar duniya. Sarauta ita ma an yi mata hanya biyu: Ingilishi ya bar wa sarakuna kotu da baitulmali, Faransi kuwa ya mai da sarki mai tara haraji a ƙarƙashin kumandan. Wani Ba'amurke, William Miles, ya zauna a Yekuwa da ke maƙwabtaka da mu, da kuma Ƴardaje ta ƙasar Daura, ya wallafa littafi a 1994 a kan yadda iyakar nan ta sa ƙauyuka biyu na jini ɗaya suka bambanta.

Duk da haka akwai abin da tangaraho bai iya tsarewa ba. Aure bai tsaya ba, ta'aziyya ba ta tsaya ba, mutanenmu na halartar Sallar Gani a Daura, malamai na musayar ɗalibai. Idan an sace saniya ta ƙetare, ko manomi da makiyayi sun saɓa a bakin iyaka, sau da yawa saƙon sarki zuwa ga sarki ne ke kashe wutar tun takardar hukuma ba ta iso ba. Wannan aiki ne da gidan sarauta ya shekara ɗari yana yi ba tare da an rubuta shi ba.

Jama'a, a cikin gida ma an yi sabon rabo. Dokokin 2002 sun kafa kwaminoni, aka yi zaɓensu na farko a 2004, Kwaya ta zama kwamin ɗin karkara, Magarya ta zama ta birni, sannan a 2011 Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta. An kawo hukuma kusa da talaka, wannan alheri ne. Amma mu lura: inda babbar kasuwa take, can harajin kasuwa ke zama, ko da kuwa a ƙauye aka noma kayan. Idan kowace kwamin ta ja nata ita kaɗai, za mu maimaita wa kanmu abin da Turawa suka yi mana.

Don haka ina roƙon abu uku. Na ɗaya, kwaminonin Magarya da Dungas su haɗa hannu a kan hanyoyin karkara da burtalai da rumbunan tsimi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyu, iyayenmu sarakuna su mai da ziyarar takwarorinsu na ƙetare al'ada ta kowace shekara, kada a jira sai rigima ta tashi; zumunta a ƙafa take. Na uku, mu yi wa kowane jariri takardar haihuwa, mu tsaya a kan karatun ƴaƴanmu, na allo da na lakwal, maza da mata, domin yaron da ba shi da takarda baƙo ne a Yamai, baƙo ne a Kano.

Allah ya jiƙan sarakunanmu da suka gabata, ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da adalci, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya. Kurakuran da na yi a gafarce ni.