Karama da Asalinta

Karama kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci, tushenta ɗaya da karamci, wato girmamawa. Ana nufin abin al'ajabi da ya saɓa wa al'ada, wanda Allah ke bayyanawa a hannun waliyyi. Malamai sun bambanta ta da mu'ujiza, wadda ta keɓanta ga Annabawa, da istidraji, wanda kan bayyana ga fasiƙi a matsayin talala. Waziri Gidado ɗan Laima ya tattara karamomin Shehu Usmanu a littafinsa Raudul Jinan. A Wurno kuwa, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, jama'a na ziyartar hubbarensa har yau, saboda shaidar walittaka da ake yi masa.