Kano Pillars da sabuwar kakar wasa

Sabuwar kakar wasa na ƙaratowa, kuma a majalisun Kano zancen ɗaya ne: waɗanne 'yan wasa Pillars za ta ɗauko? A ganina, makomar Pillars, wato Sai Masu Gida, ta fi rataya a kan ɗabi'ar 'yan kallo a filin wasa na Sani Abacha. Da ƙarfin gida ƙungiyar ta lashe gasar Najeriya a 2008, ta kuma jera kofi uku daga 2012 zuwa 2014. Amma a 2022, bayan tarzomar da aka yi a wasanta da Katsina United, aka ci ta tara, aka mayar da wasanninta Abuja. A kakar 2022 ɗin ce aka zabtare mata maki, ta faɗa rukuni na biyu.

Wasu za su ce alƙalan wasa ne ke tunzura mutane. Gaskiya ne, akan yi hukuncin da ke ƙona rai. Sai dai jifan alƙali bai taɓa dawo da ƙwallon da aka soke ba, ƙungiyar ce ke biyan bashin. Ko 'yan wasa irin su Ahmed Musa da Rabi'u Ali, me za su tsinana a filin aro da babu kowa? Magoya baya, ku cika fili, ku yi shewa, amma don Allah ku bar duwatsu a waje.